Damunar da Baba Ya Ƙi Buɗe Baki

A majalisarmu ta bakin masallaci, inda mu tsofaffin da aiki ya sallama muke zama bayan la'asar, babu zancen da ake yi kwanan nan kamar na tsadar jinya. Wani maƙwabcina matarsa ta kwanta, 'ya'yansa duk suna wuraren aikinsu, aka ba shi shawara ya nemi mace ta riƙa wuni da ita. Da ya ji abin da za a biya sai da ya cire hula ya fifita kansa. Ya ce shi abin da ya kasa ganewa, komai na duniya an samo masa inji, niƙa da noma da ɗinki har da aika saƙo, amma zama kusa da marar lafiya kullum sai ƙara tsada yake yi, alhali a da kyauta ake yi. Ni ba na son musu da yamma, yana hana ni cin tuwo, amma kalmar nan ta kyauta ta tsaya mini a rai. Ban san garin da ya yi yarintarsa ba. A Kontagorar da na tashi jinya ba ta taɓa zama kyauta ba, sai dai ba a hannu ake miƙa kuɗinta ba. Gidanmu saura kaɗan mu biya da abincin shekara guda.

Lokacin ba a ma ba mu jihar Neja ba, gari bai kai rabin rabin yadda yake yanzu ba. Abin da ke tashin mutum da safe luguden mata ne daga gida zuwa gida, da kukan jakai, da bugun maƙera suna gyaran garma idan damuna ta kawo kai. Mota kuwa in ta shigo sai yara sun bi ta da gudu. Duk aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya gayya ake kira masa. Za a ɗora jinka, gayya. Katanga ta faɗi, gayya. Ciyawa ta ci gonar wani, a dama fura, a sayi goro, a kira makaɗa, samari su jeru da fartanya suna yi wa juna ba'a, kafin rana ta take an fita ɗaya gefen. Mun tashi da imanin cewa babu aikin da yawan hannu ba ya sauƙaƙawa. Yau yaro ɗaya ne zai goya tankin feshi ya kashe ciyawar gonar da muke tara unguwa a kanta, ya dawo ya hau babur ya tafi kasuwa. Ba na jin haushinsa ko kaɗan, bayana ya san abin da fartanya ta yi masa.

Baba manomi ne, dawa da gyaɗa, gonarsa tana bayan gari ta yamma. Ni ne babban namiji a gida, na kai munzalin da ake ce wa mutum ya fara neman aure. Yayyena mata suna gidajen mazajensu, ɗaya a Auna, ɗaya a Nasko, ƙannena kuwa ba su wuce kiwon akuya ba. Inna idonta ya fara yana, tuwo da miya duk da hannu da hanci take gane su. A wannan damunar mun gama shuka lafiya, dawa ta fito ta kai idon sawu, sai wata rana Baba yana alwalar azahar buta ta suɓuce masa, ya bi ta ya faɗi. Da muka ɗaga shi ɓarin damansa ya saki, baki ya karkace, magana ta koma gurnani. Ba mu san wani abu wai hawan jini ba. Aka ce iska ce ta taɓa shi, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka shimfiɗa masa tabarma da bargo a ɗakinsa.

Sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta iso da ƙunshin kayanta a ka. Mai ƙuli-ƙuli ce, gajeriya, muryarta ta fi ta girma, kuma duk unguwar babu wanda ya taɓa gama gardama da ita. Ta iske gida cike da 'yan dubiya, takalma har zaure, kowa da kwanonsa, kowa yana cewa a sa shi aiki. Gwaggo ta dube su ta ga hannaye sun yi yawa suna zaman banza, ga gona tana jiran noman farko. Ta yi abin da duk mutumin garinmu zai yi. Ta raba jinyar gida-gida: yau tsohuwar gidan nan ce za ta ba shi kunu, gobe abokinsa na masallaci, jibi wata 'yar'uwar Inna. Ni kuma ta ce mini, "Kai, ɗauki fartanyarka ka tahi gona. Nan akwai mutane. Mi za ka yi mishi da ba su iyawa?" Kowa ya yaba, ni ma na ga dabara ce, na tafi.

Mutanen nan babu wanda ya zo da mugun nufi, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amma kowa da irin kununsa da irin hannunsa. Wannan nata tsararo ne, wancan nasa da zafi. Wata ta baro tukunya a wuta, tana so ta gama ta koma. Wani ya cika ludayi don yana ganin yawan ci shi ne samun sauƙi, wani kuma yana ɗura masa yana ba 'yan dubiya labarin kasuwa. Baba yana kwance rigingine, sai ya ƙware, ya yi tari, kunu ya biyo ta hanci, a ce sannu, a goge, a ci gaba. Wanda ya ga ƙwarewar yau ba shi ne zai zo gobe ba, balle ya gyara. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe shi, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana tafasa ruwa. Ranar da na dawo daga gona na iske leɓɓansa sun yi duhu, muka nemi mota muka kai shi asibiti.

Ɗakin maza aka kwantar da shi, don haka mai jinya dole namiji, wato ni. A waje ƙarƙashin itatuwa dangin marasa lafiya sun kafa murhu, kowa da tukunyarsa da tabarmarsa, sai ka ce wata unguwa ce ta taso. A ciki kuwa gadaje ne jere, da nas guda mai kula da su da rana. Ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ta kasuwa ce, a daddatse, amma ban taɓa ganin mace mai natsuwar hannu irin tata ba. Allura da ƙwaya ta bi layi ta gama su nan da nan, kamar yadda masu allurar rigakafi suke yi wa unguwa guda a safiya ɗaya. Da ta zo kan Baba ta ga na ɗauko ludayi, sai ta riƙe mini hannu.

"Wa yake ba shi abinci a gida?"

Na ce, "Jama'a, ranki ya daɗe. Kowa da ranarsa."

Ta dube ni, ta dubi Baba, ta girgiza kai. "Shi ne kunu ya shiga ƙirji. Wannan wuya, rabi ya mutu. Mutum ɗaya zai koye shi. Ni ba zan iya zama ba, ka ga gadaje. Zauna, ka duba."

Ta sa na tayar da shi zaune na tokare bayansa. Ta mayar da kunun aka ƙara masa kauri, ta karɓi ƙaramin cokali a madadin ludayi, ta ɗan sunkuyar da haɓarsa, ta zuba kaɗan ta gefen da yake da rai. Sannan ta ɗora yatsuna biyu a maƙogwaronsa ta ce kada in ƙara sai na ji abin ya hau ya sauka. Muka jira. Wani yana kiranta daga ƙarshen ɗaki, wani ya zubar da ruwa, ita dai idonta yana kan wuyan Baba har ya haɗiye. Ta yi haka sau kaɗan, ta miƙa mini cokalin ta wuce. Duk ranar da ta zo wucewa sai ta tsaya ta kalli hannuna, ta gyara mini zama, ta nuna mini yadda zan juya shi don kada kwanciya ta huda masa baya. Na ga ranar da ta wuni ba ta kai komai bakinta ba. Har yau in na ga farin kaya irin nasu sai na ji girmansu a raina.

A can na fara gane abin da maƙwabcin nan nawa ya kasa ganewa. Na koyi wuyan Baba har na san lokacin da zai gaji tun kafin ya gaji, na san ƙyaftawar da ke nufin dakata da wadda ke nufin ƙaro. Wata rana mai jinyar gadon kusa ya fita, na ce bari in taimaka wa tsohonsa, ai na zama gwani. Cokali na biyu ya ƙware. Ashe gwanintar tawa ta mutum ɗaya ce tak, ba ta ƙetare gado. To, ita wadda ake so ta wuni da matar maƙwabcina, da ta zauna kan keken ɗinki ko ta buɗe shago, inji da waya za su taya ta, ta sallami mutane da yawa kafin yamma. A gefen marar lafiya babu mai taya ta, mutum ɗaya za ta sallama, kuma wuninta duka za a saya. Asibitoci sun ƙaru, magunguna sun ƙaru, har hoton cikin kan mutum ake ɗauka yanzu, na kuma gode wa Allah da hakan. Amma tsohon da rabin wuyansa ya mutu, yadda yake haɗiya a zamanin Baba haka yake haɗiya yau, kuma sai an sami wanda zai bar abin da yake yi ya zauna.

Ƙirjin Baba ya washe, aka sallame mu. A gida aiki ya koma kaina gaba ɗaya. Inna tana dama kunu, tana gane kaurinsa da nauyin muciya, ni ina bayarwa. Kafin ya gama ɗan ƙoƙo guda inuwa ta tashi daga bakin ƙofa ta kai gindin randa. In na wanke shi, na juya shi, na shanya shimfiɗa, lokacin wani kunun ya yi. Jikinsa ya fara dawowa, ido ya yi haske, hannun hagu ya yi ƙarfi. Ruwa kuwa yana ta sauka, irin ruwan da manomi yake so, wanda ciyawa ma take so. Tun ranar da muka tafi asibiti ƙafata ba ta taka gona ba. Masu wucewa ta can sun daina ba ni labari, sai dai su ce Allah ya kawo sauƙi, na kuwa san abin da hakan yake nufi.

Baba bakinsa ne ya mutu, hankalinsa yana nan. Yana jin ruwa a kan jinka, yana jin samari suna wucewa da asuba. Wata safiya na kawo cokali, sai ya kama hannuna da na hagunsa, ya juya tafin, ya shafa da babban yatsa. Hannu ya yi laushi kamar na mai sayar da turare, babu kanta ko ɗaya. Ya dube ni, ya sake ni, ya ɗaga hannun ya yi alamar sara ƙasa, ya nuna ƙofa. Na ce, "Baba, sha tukuna, zan je." Ya datse baki. Na yi lallashi, Inna ta yi, har ta yi kuka. Ya juya fuska bango. Ranar ko ruwa da ƙyar ya karɓa, washegari ma haka.

Na fahimci lissafinsa sarai, kuma shi ne ya fi tsorata ni. Yana ganin shi tsoho ne da ya gama nasa, ga ƙananan yara a gida, in dawa ta mutu a cikin ciyawa babu abin da za su ci baɗi. Gara ya sake ni. In na tafi gona babu mai iya ba shi abinci ba tare da an koma gidan jiya ba, in na zauna kuma ba zai buɗe baki ba. Ina kallon naman da muka tara masa cokali-cokali yana zubewa.

Gwaggo ta shiga ta yi masa faɗa irin na yaya da ƙane. "Kai, ni za ka yi wa taurin kai? Ni na goye ka! Buɗe bakin nan!" Ko motsi bai yi ba. Ta fito tsakar gida ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Ni na ɓata abin ga tun farko. Na tara jama'a inda ake son mutum guda, na tura mutum guda inda ake son jama'a." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ku da ba ku yi noma ba ba za ku san nauyin abin da ta je roƙo ba. Ana tsakiyar noma ne, kowa ciyawa tana cin tasa gonar, wuni guda a wannan lokacin ya fi mako a rani. Gwaggo ta bi gida-gida, gidajen nan dai da ta raba wa jinya, ta ce ta sauke musu cokali, fartanya take so. Ta je wajen sarkin samari, ta je wajen makaɗa. Ta aika ƙauye wajen aminin Baba, wani Bakambare dogo da suka yi shekaru suna musayar iri, ya ce a gaya mata shi da 'ya'yansa za su riga kowa. Inna ta kwance akuyarta ɗaya aka yanka, matan unguwa suka wuni suna dakan fura. Babu wanda ya ce yana da uzuri, ko da yake kowa yana da shi.

Ranar gayyar, da hantsi, na durƙusa na ce, "Baba, ana can ana nome gonarka. Unguwa duk ta tafi." Ya dube ni da idon da yake duban mai tallan maganin ƙarfi a kasuwa. Gonar tana da nisa, ganga ba ta isowa gida. Ya ɗauka irin maganar da ake yi wa marar lafiya ce don ya sha magani, ya mayar da fuska bango. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Gwaggo ta aika a gaya wa aminin nasa, sai ga shi ya zo da kansa, laka har gwiwa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Bai yarda ba? To a kai shi ya gani. Mu ɗauke shi a kan gado."

Gwaggo ta daka tsalle. "A kwance, bisa kafaɗa, a ratsa gari? Mutane su tashi suna salati? Ɗan'uwana da ransa ba a yi mishi haka!"

Aka aro kurar 'yan dako, wato amalanke, daga kasuwa, aka shimfiɗa bargo, aka jingina shi da buhunan ƙaiƙayi, Gwaggo ta sa masa hularsa ta Juma'a. Aminin yana turawa a hankali yana kauce wa ramuka, ni ina gefe na tallafe kansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙoƙon kunu da Inna ta naɗe a tsumma, ta ce in tafi da shi ko Allah zai sa. Tun daga nesa muka fara jin ganga. Na ji wuyansa ya miƙe a tafina.

Da muka isa sun kai ƙarshe. Gonar da na yi ta mafarkin ta zama daji tana kwance fes, ƙasa baƙa a juye, dawa ta ɗan yi rawaya amma tana tsaye layi-layi. Samari suka yi ihu da suka gan shi, makaɗa suka matso suna yi masa kirarin noma. Baba bai kula kowa ba. Ya bi gonar da ido daga wannan iyaka zuwa waccan, a hankali, kamar mai ƙirga awaki. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna gindin wata ɗorawa, ya yi gurnani. Aka duba, ashe an tsallake ɗan wuri, bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Aminin ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ku ji mutum! Mun bar gonakinmu, shi abin da ya gani ke nan!" Samari suka ruga suka share wurin suna dariya. Baba ya kalla har suka gama, hawaye yana bin gefen fuskarsa mai rai. Sannan ya juyo gare ni, ya dubi ƙoƙon, ya buɗe baki.

Na durƙusa a gefen kurar. Na gyara masa zama, na sunkuyar da haɓarsa, na zuba kaɗan ta gefen hagu, na ɗora yatsuna a maƙogwaronsa. Mai ganga ya dafe fatar gangarsa. Fura da nama suna can ƙarƙashin inuwa, rana ta take, kowa gonarsa tana jiransa, amma babu wanda ya motsa. Ƙartin da suka gama gona guda kafin azahar suka tsaya da fartanyoyi a kafaɗa suna jiran tsoho ɗaya ya haɗiye cokali ɗaya. Abin ya daɗe. Sannan na ji ya hau, ya sauka.

Kunya ta kama ni ganin na tsayar da mutane a rana, na yi saurin cika cokali na biyu. Sai na ji hannu mai kaushi a kafaɗata.

"Rage shi, yaro," in ji aminin Baba. "Kada ka yi sauri. Mu mun gama namu."